Simintin Asibiti da Kabarin Inna

Teraabu, Kiribati
Watan Oktoba

Yaya Kautu,

Ƙanwarka Aroita ce ke gaishe ka, da fatan sanyin New Zealand bai ƙarasa maka yatsun da kake yi wa mutane aikin gonar tuffa da su ba. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Kawu Baraniko ta yi sauƙi har ya koma kamun kifi. Matarka Tiebane ciki ya fito sosai, ina yi mata awo duk mako, jininta lafiya, ɗa yana motsi. Ta ce in gaya maka ko kaɗan ba ta kewarka. Ƙarya take yi, kullum da tsohuwar rigarka take yini.

Ka yi haƙuri da takarda. Eriyar waya har yau a mace take tun da gishiri ya cinye batiranta. Sun ce za a zo gyara, mu ma mun ce to.

Ga babban labari. Jirgin makon jiya ya sauke kayan gyaran asibitinmu: siminti, kwano, katako, tankin ruwa da farantan sola. Za a rushe wannan tsohon ɗakin da nake aiki a ciki, a ɗora sabo a kan ginshiƙai masu tsayin ƙirjin mutum, yadda ko teku ta cika ta shigo gari ruwa zai wuce ta ƙasa. Za a ɗaure rufin da ƙarfe saboda iska. Sai dai kayan sun zo, maginan ba su zo ba. Suna Tarawa, babban birni, wai suna biyo jirgi na gaba. Majalisar tsibiri ta ce tun da ni ce nas, ni ce mai tsaron kaya. Ni da na karanci allura, yau ga ni ina gadin siminti.

Ka san mutanenmu. Kaya ba su gama sauka ba aka fara yi mini bubuti, roƙon nan namu na al'ada. Wata ta ce kwano biyu, mai kaɗa ƙararrawar coci ya ce ƙusa. Da bare ana iya kewaye-kewaye, a ce gobe, a ce makulli na hannun majalisa. Tsorona ranar da wani jinina zai buɗe baki, don ka san idan ɗan'uwa ya ce bubuti babu a'a a bayanta, sai dai mutum ya zubar da mutuncin gidansu.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, aikin nan ya tsaya mini a rai saboda Tiebane. Lissafina haihuwarta za ta faɗo cikin Fabrairu, daidai lokacin babbar cikar teku. Ban manta da wancan karon ba, kuma na san kai ma ba ka manta ba. Ruwa har ƙaurina, janareta ya nutse, na'urar numfashi ta mutu a hannuna, ɗanku ya tafi ina kallo. Ba na son in sake tsayawa a wannan ɗakin da matarka. In Allah ya so wannan karon a sama za ta haihu, a busasshen wuri, da haske.

Ka ci abinci, ka sa rigar sanyi.

Taka,
Aroita

Hastings, New Zealand
Watan Nuwamba

Ƙanwata Aroita,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da mutanen gida duka. Ki shafa mini cikin Tiebane, ki ce mata ina nan lafiya, tari ne kawai ya ɗan taɓa ni ya wuce. Tun da na zo ko layi ɗaya ban samu daga gare ku ba. Ban san ko lafiya ba ce, ko kun manta da ni ne.

Abin da ya sa na rubuto, wani Tiaon ya zo cikin sababbin ma'aikata, matarsa tana da dangi a tsibirinmu. Ya ba ni labarai uku, sun hana ni sakat, kuma na kasa haɗa su. Ya ce teku ta ci gaɓa ta bayan gidanmu, kwakwa biyun nan da ke bayan kabarin Inna sun faɗi. Ya ce an sauke siminti tuli guda a Teraabu, kuma a hannunki yake. Sannan ya ce za a rushe asibiti. Na tambaye shi me ya sa za a rushe, ya ce shi ma haka ya ji.

Ga yadda na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini. Gwamnati ta gaji da asibitin da ruwa ke shiga, za ta rufe shi, simintin kuwa na katangar tare teku ne da aka daɗe ana yi mana alkawari. In haka ne, na san yadda rabo yake tafiya a garinmu, masu baki a maneaba, zauren taron gari, za su kare gidajensu, Inna da ba ta da baki a bar ta wa ruwa.

Saboda haka, ƙanwata, bubuti nake yi miki. Ki ba Kawu Baraniko simintin da zai isa a zagaye kabarin Inna da katanga. Ban taɓa roƙonki komai ba tun kina yawo ba riga, yau na roƙa. Na rubuta wa Kawu ma 'yar takarda na sa a cikin wannan ambulan, ki miƙa masa, ya san na riga na yi magana.

In kuwa gaskiya ne za a rushe asibitin, to Tiebane fa? Ki sa ta a jirgi zuwa Tarawa tun da sauran lokaci. Kaina ya ɗaure, ki rubuto da wuri.

Yayanki,
Kautu

Teraabu
Watan Disamba

Yaya Kautu,

Na gaishe ka, Allah ya raba ka da tarin nan. Kowa lafiya. Tiebane ƙafafunta sun ɗan kumbura, ba abin tsoro ba ne.

Takardarka ta iso, kuma da ma a hannuna ta fara sauka. Matar Kawu ce ta karɓo ta a bakin jirgi, ta ga sunan mijinta a bayan ambulan, ta buɗe. Kafin in karanta tawa rabin gari ya san ka yi mini bubuti.

Yaya, ka karanta takardar da na aiko maka kuwa? Na zauna na bayyana maka komai, ko me ake yi da simintin, ko don wa nake gadinsa. Sai ga amsarka kana zancen katangar gwamnati. Wace katanga? Na karanta na sake karantawa, na rasa ko ba ka fahimta ba ne, ko ka fahimta ka zaɓi kabari. Wannan na biyun ne ke hana ni cin abinci.

Ga halin da ka jefa ni. Kullum da safe Kawu yana turo baronsa, ya ajiye a ƙofar gidana, ya zauna. Ba ya cewa uffan a kan siminti. Ya tambayi lafiyar marasa lafiya, ya sha shayina, rana ta yi tsaka ya tura baronsa ya tafi. Ni kuwa tun da ba a cewa a'a, sai na koma gudu. Na je rigakafi ƙarshen tsibiri sau biyu, yaran da na riga na yi wa suna ganina suna kuka a banza. Ranar Talata na hango Kawu tafe, na rasa mafita, na shige cikin tankin ruwan da ba a kafa ba. Nas guda, da farar riga, a cikin tanki. Matarka ta zo ta ƙwanƙwasa ta ce, "Malama nas, akwai mai ciwon kai, ko in ce masa kina wanka?" Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Maginan sun zo. Sun cire rufin tsohon asibiti, sun fasa bango, sannan babbansu ya ce a kawo rodi. Aka duba, babu rodi. Ashe an sauke shi a wani tsibiri. Suka bi jirgin da ya kawo su don su nemo shi. Yanzu ba tsoho ba sabo. A kusurwar maneaba nake duba mutane bayan labulen tabarma, siminti kuwa yana ɗakina ƙarƙashin tamfol, ni ina kwana a barandar.

Na je kabarin Inna. Gaskiya Tiaon ya faɗa maka, ruwa ya matso, in ya cika har duwatsun gefen yake lasa. Na zauna na yi kuka, don ni ma uwata ce, ba kai kaɗai ta haifa ba.

Batun Tarawa kuwa, na yi wa Tiebane magana ta ƙi. Ta ce ba za ta hau jirgi da tsohon ciki ba, kuma gidan yayarta a Betio, can Tarawa, mutum kan mutum ne, ko wurin miƙe ƙafa babu. Ban matsa mata ba, don cikinta lafiya yake. Wancan karon ma ba cikin ne ya cuce mu ba, wurin ne.

Kai ka yi bubutin nan, kai kaɗai za ka iya janye shi. Ka janye, Yaya, ka rubuta wa Kawu.

Aroita

Hastings
Watan Janairu

Aroita,

Ina gaishe ku da sabuwar shekara. Na warke sarai. Ki ce wa Tiebane ta riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, haka matar maigidanmu ta ce.

Wace takarda kike ta cewa in karanta? Takarda ɗaya tak na samu daga gare ki, ita ce wannan ta Disamba, mai faɗa daga sama har ƙasa. Na je gidan waya na tambaya, matar ta duba ta ce babu. To yaya zan zaɓi abin da ban sani ba? Wannan maganar ta yi mini zafi.

Ko yanzu ma ban gane sosai ba. Kin ce ana gina asibiti, kin ce an rushe shi. Magina sun zo, magina sun tafi. Akwai siminti, babu rodi. Na karanta wa mutanen ɗakinmu, mu 'yan gida da ke nan, kowa ya kama nasa. Tiaon ya ce magina in suka bi jirgi sai wata shekara. Wani dattijo a cikinmu da ya yi birkila a Tarawa ya ce simintin da ya sha iskar teku wata uku dutse yake zama, ko an rufe shi. In haka ne, ƙanwata, kina gadin abin da zai mutu a ɗakinki, asibiti bai samu ba, Inna ba ta samu ba.

Kin ce in janye. Ta yaya? Ban taɓa ganin wanda ya janye bubuti a takarda ba. Dattijon nan ya ce sai ido da ido, a gaban wanda aka yi wa. Ga shi kuma maganar ta fita gari, tsoho yana ta tura baro. In na ce na fasa, na mai da ƙanin uwarmu abin dariya ke nan.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ke kina gida Inna ta cika, ke kika rufe mata ido, kika yi mata wanka. Ni ina nan ina cika akwatunan tuffa. Na dawo na tarar da tsakuwa da duwatsu, aka ce ga ta nan. Wannan wurin shi ne duk abin da nake da shi. In teku ta ɗauke shi, ban san inda zan tsaya in yi mata magana ba.

Kuma kada ki ɗauka ɗana ba ya raina. Ina kwana da shi ina tashi da shi. Ba za a iya raba simintin biyu ba? Rabi asibiti, rabi katanga. Ke ce a wurin, ke kike gani. Ni daga nan komai a hargitse yake zo mini.

Yayanki,
Kautu

Teraabu
Ƙarshen Fabrairu

Yaya Kautu,

Gaisuwa, kuma barka. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba. Tiebane ta sauka lafiya, mace, mai ƙaton kai irin naka. Uwa da 'ya suna nan ƙalau.

Sauran labarin ban san ta inda zan kama shi ba, sai dai in bi shi yadda ya zo.

Maginan sun dawo da rodi kafin takardarka ta iso. Dattijonku bai yi ƙarya ba, buhunan simintin da ke ƙasan tulin sun zama dutse. Da na karanta maganarka ta raba biyu, na kai wa babban maginin. Ya ce abin da ya rage da ƙyar zai ɗaga ginshiƙai. In aka cire rabi, daɓen zai tsaya a gwiwa, wato inda ruwa ya saba kaiwa. Na ce katangar fa, rabi zai riƙe teku? Ya ce shi asibiti aka aiko shi ginawa, ba zai rantse a kan katanga ba.

Ranar Lahadi bayan coci Kawu ya kai magana maneaba. Dattawa suka zauna, aka kira ni tsakiya, ni da ban taɓa buɗe baki a wurin ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yar nan, yayanki ya yi bubuti, ya yi shi saboda wadda ta haife ku. Ni ma yau na ɗora nawa a kai. Me kika ce?"

Na nemi gobe na rasa, na nemi makullin majalisa na rasa. Na ce, "A'a, Kawu."

Wata tsohuwa ta rufe fuska da hannu. Kawu ya dube ni ya ce, "To." Ya tashi ya fita. Tun daga ranar dangin Inna suka ɗauke mini ƙafa. Kifin da ake aiko mini ya tsaya. In na gaida matar Kawu sai ta dubi bishiya. Masu zuwa allura suna miƙo hannu, fuska a gefe. A'ar nan kai ma na faɗa maka ita, Yaya, ko da yake ba ka wurin. Na sani, kuma ba zan yi kamar ban sani ba.

Aka zuba ginshiƙai, aka shimfiɗa katako, aka kafa sola. Rufi bai wuce rabi ba naƙuda ta zo. Yarinyar ta fito shiru, jikinta ya saki, kamar wancan. Na kunna na'ura, ta kama. Da ta tsala kuka sai na zauna a ƙasa.

Ban sallame su ba saboda Tiebane ta zubar da jini, suna nan babbar cikar ta zo. Da la'asar ruwa ya haye gaɓa, ya bi gari gida gida. Ramukan da muke shuka gwaza duk sun sha gishiri. Tsofaffi da masu goyo suka hawo asibiti, har da waɗanda ba sa gaishe ni, muka cushe a ƙarƙashin rabin rufi, ruwa yana wucewa ta ƙasanmu da kwanuka da kaji.

Can sai ga Kawu yana ratso ruwa har ƙugu, da ƙunshin sabuwar tabarma a ka. Ashe tun da safe da ruwa ya janye, shi da abokan kamun kifinsa suka tone kabarin. Ya wanke ƙasusuwan 'yar'uwarsa, ya shafe su da man kwakwa yadda mutanen da suke yi, ya kai gidansa, ruwa ya bi shi can ma. Ya tsaya a gindin matakala, bai dubi idona ba. Ya ce, "Karɓi Innarki, kada ta jiƙe."

Na karɓa. Yaya, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora ta a kan kabad ɗin magani, inda ya fi ko'ina tsayi. Tiebane ta juyo da jaririyar ta fuskanci wajen, ta ce, "Inna, ga jikarki." Daga nan ban iya aikin komai ba.

Washegari na je bayan gida. Babu kabari, babu duwatsu, yashi ne a shimfiɗe kamar ba a taɓa haƙa komai ba. Wasu sun ce ko an yi katangar da ta tafi. Kawu ya ce da ta tsaya. Ba wanda ya sani, ni ma ban sani ba. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata, amma kullum yana zuwa ya zauna a matakala.

Yanzu rigimar inda za a sake binne ta ake yi. Fada, limamin cocinmu, ya ce harabar coci, alhali can ma ruwa ya kwanta. Dattawa sun ce a ƙasar gidanmu, ƙasar da rabinta ya tafi. Majalisa kuma ta aiko cewa ƙa'ida ta hana ajiye irin wannan a asibiti, a fitar da ita kafin masu duba aiki su zo daga Tarawa. Kawu ya ce a tambaye ka.

To na tambaye ka. Kuma ina tambayarka ko har yanzu ina da yaya.

Aroita

Hastings
Watan Maris

Ƙanwata,

Na gaishe ki, na gaida mai jego, na gaida mai ƙaton kai. Na gaida Kawu, ki faɗa masa ko bai amsa miki ba.

Na karanta takardarki a gona, na zauna a gindin bishiya har shugaban aiki ya zo yana tambaya ko na faɗo daga tsani ne. Mutanen ɗakinmu sun rasa ko barka za su yi mini ko ta'aziyya. Ni ma ban gaya musu ba, don ban sani ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce raina bai ɓaci ba. Ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna yashin nan sai fushin ya dawo. In na tuna na'urar ta kama kuma, sai in rasa da wa nake fushin. Wannan sai na zo mu zauna. Amma tambayarki ta ƙarshe, kada ki ƙara yi mini irinta.

Muna gama tsinka a watan Mayu. Kada a binne Inna sai na iso, da hannuna nake so in ɗauke ta. Ki bar ta nan inda take, kusa da ke, a busasshen wuri. In majalisa ta zo, ko Fada, ko masu duba aiki daga Tarawa suka ce a fitar da ita, ki faɗa musu abin da kika faɗa mini.

Yayanki,
Kautu